Sana'ar Abin Sha Mai Ƙara Lafiya: Matsayin Doka Kan Wiwi Da Damar Da Zoɓo Ke Da Ita A Lafiya

LAFIYA, Jihar Nasarawa. A cikin watan Maris na shekarar 2025 kamfanin PepsiCo na ƙasar Amurka ya ba da sanarwar cewa zai sayi wani kamfanin lemo mai suna Poppi a kan kuɗi dala miliyan 1,950. Kimanin shekaru goma kafin wannan ciniki, wani magidanci da matarsa ne ke haɗa lemon a ɗakin girkinsu, suna kai shi kasuwar manoma a jihar Teksas. Abin da suka sayar wa jama'a shi ne lemo mai ƙarancin sukari, wanda aka ce yana gyara ciki.

Labarai irin wannan suna yawo a wayoyin matasanmu, kuma ba abin mamaki ba ne idan wanda ya kammala karatu a Jami'ar Tarayya ta Lafiya, ko kuwa mai ɗan jari a Kasuwar Alhamis, ya tambayi kansa ko akwai rabonsa a cikin wannan sana'a. Sai dai a ƙasashen Turai da Amurka masu zuba jari sukan haɗa kaya iri biyu a ƙarƙashin suna guda. Akwai abin sha wanda aka sanya wa wani ganye ko saiwa ko sinadari domin amfanin jiki, akwai kuma wanda aka sanya wa abin da aka tatso daga tabar wiwi. Wajibi ne ɗan kasuwar Nijeriya ya raba su tun kafin ya kashe kwabo, domin ɗayansu sana'a ce da hukuma ke ba lamba, ɗayan kuwa laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Abin da doka ta ce

Tun a shekarar 1966 gwamnatin soja ta kafa doka ta musamman a kan tabar wiwi, wadda ta haramta shukata da sayar da ita da mallakarta. A shekarar 1989 aka kafa Hukumar Yaƙi da Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, watau NDLEA, bisa dokar soja mai lamba 48. Sashe na 11 na wannan doka ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya shuka, ko ya sarrafa, ko ya shigo da miyagun ƙwayoyi, ko ya yi cinikinsu ba tare da izini ba, sa'an nan ya tanadi ɗaurin shekaru 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da su yana sane. Kotunan ƙasar nan sun sha yanke hukuncin cewa wiwi na cikin abubuwan da sashen ya ƙunsa.

Wani wuri da matasa kan ruɗe shi ne batun sinadarai biyu na wannan ganye. Na farko, wanda ake kira THC, shi ne mai bugarwa. Na biyu, CBD, ba ya bugarwa, kuma a shekarar 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani da aka yi da shi domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani. Wasu ƙasashe sun yi amfani da wannan bambanci suka halatta noman irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Dokar Nijeriya ba ta yi wannan rabe-rabe ba. A wurinta ganyen da ƙaronsa da abin da aka haɗa da su duk abu ɗaya ne, saboda haka kwalbar da aka rubuta CBD a jikinta ba ta da wata kariya a shingen binciken da ke kan hanyar Akwanga.

An yi yunƙurin sauya wannan matsayi. Marigayi Rotimi Akeredolu, a lokacin da yake gwamnan Jihar Ondo, ya ziyarci ƙasar Tailan a shekarar 2019, ya dawo yana kira da a halatta noman ganyen domin magani da fitarwa waje. An kuma gabatar da ƙudurori a Majalisar Wakilai a shekarun 2020 zuwa 2023, amma babu wanda ya zama doka. Birgediya Janar Muhammad Buba Marwa mai ritaya, wanda ya kama shugabancin NDLEA a watan Janairu na 2021, ya fito fili ya yi adawa da halatta shan ganyen, yana kafa hujja da binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018. Binciken ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. Har ila yau, a watan Disamba na 2020, lokacin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya kaɗa ƙuri'ar cire wiwi daga jerin ƙwayoyi mafiya haɗari, aka ci da ƙuri'a 27 a kan 25, Nijeriya tana cikin waɗanda suka ce a'a.

Ko a ƙasashen da suka buɗe ƙofar, tarihin jarin bai yi daɗin da ake zato ba. Kanada ta halatta ganyen a watan Oktoba na 2018, kuma a cikin wannan shekara kamfanin Constellation Brands ya zuba kimanin dala miliyan 4,000 a kamfanin Canopy Growth, da tsammanin cewa abin sha mai wiwi zai kama kasuwa. Zuwa 2022 sai da ya rubuta asarar fiye da dala miliyan 1,000 a kan wannan jari. A Amurka, dokar noma ta 2018 ce ta bar wata kafa da ɗaruruwan ƙananan kamfanonin abin sha suka bi suka shigo, sai ga majalisar ƙasar a watan Nuwamba na 2025 ta zartar da dokar da ta ƙuntata kafar ƙwarai, ta ba su wa'adin shekara guda. Ita kanta Tailan da gwamnan Ondo ya je gani, ta sassauta a 2022, ta sake tsaurarawa a 2025. A Afirka, ƙasashen Lesoto da Maroko da Gana sun ba da dama ne domin magani da masana'antu, a ƙarƙashin lasin mai tsada. Sana'ar da sa hannu guda na majalisa ke iya rufewa ba wurin da mai ƙaramin ƙarfi zai kai guminsa ba ne.

Akwai wata fuskar da ta shafi mai sayar da zoɓo kai tsaye, ko da bai taɓa ganin ganyen wiwi ba. Jami'an NDLEA sun sha kama wani haɗi da ake kira sukuchis, wanda ake yi da zoɓo ko ruwan 'ya'yan itace a gauraye da wiwi da wasu ƙwayoyi, musamman a biranen kudu da Abuja. Kafin wannan ma, Arewa ta ga yadda aka riƙa zuba maganin tari mai kodin cikin robar lemo, har gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi a watan Mayu na 2018. Sakamakon haka, jan ruwa a cikin gora marar suna ya zama abin da iyaye da shugabannin makarantu da masu otal ke yi wa kallon tuhuma. Wanda ya zo da kwalba a rufe gam, da suna da adireshi da lambar hukuma, yana sayar da kwanciyar hankali ne tare da zoɓon, kuma mutane na biyan kuɗi a kan wannan.

Kayan da ke hannu

Idan aka ajiye wiwi gefe, abin da ya rage na wannan sana'a kusan duk kayan gidanmu ne. Zoɓo, citta, kanumfari, tsamiya, aya, dabino, zogale da ƙwame, watau 'ya'yan kuka, su ne irin kayan da kamfanonin waje ke nema da kuɗin ƙetare. 'Yan kasuwar Kano da Jigawa na fitar da busasshen zoɓo zuwa ƙasar Meziko, inda ake shan sa kamar yadda muke sha. Ayar da ake nomawa a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar tana isa ƙasar Sifen, inda suke da nasu kunun aya. Tarayyar Turai kuma ta amince da garin ƙwame a matsayin abinci tun 2008.

Gaskiya ne Jihar Nasarawa ba ta yi fice a noman zoɓo ko aya ba. Sunanta ya fi fita a riɗi, musamman na yankin Doma, da doya da agushi da rogo da shinkafa. Amfanin Lafiya a wannan sana'a shi ne wurin zamanta. Citta na zuwa daga Kachiya da Kafanchan a kudancin Kaduna, waɗanda ke maƙwabtaka da jihar ta arewa. Lemo da mangwaro na zuwa daga Binuwai ta kudu. Tagwayen hanyar da ta taso daga Keffi ta bi ta Akwanga da Lafiya zuwa Makurɗi ta rage wahalar kai kaya Masaka da Mararaba da Nyanya da cikin Abuja, inda masu sayen abin sha mai tsada suke. Tashar rarraba wutar lantarki ta Akurba da aka ƙaddamar a 2022 ta ƙara wa garin ƙarfin wuta, ko da yake babu mai hankalin da zai kafa masana'antar abin sha ba tare da nasa injin ko faranten hasken rana ba. Hayar fili da ladan ma'aikata kuma ba su kai na Abuja ba.

Inda jari ke narkewa

Kowace unguwa a Lafiya tana da matar da zoɓonta ya fi na kowa daɗi. Da daɗin haɗi ne ke kafa kamfani, da tuni an cika da kamfanoni. Abin da ya hana sana'ar wuce leda da bokitin ƙanƙara shi ne lalacewa. Zoɓon da aka dafa da safe, aka zuba masa sukari da abarba, idan ya wuni cikin zafin watan Maris, washegari ya fara tsami na daban, robar ta kumbura. Kunun aya ya fi shi saurin juyawa, domin sau da yawa ko wuni guda ba ya yi idan babu sanyi.

Dalilin wannan bambanci shi ne abin da ya kamata mai shirin zuba jari ya fara fahimta. Masana abinci suna auna tsamin ruwa da wani ma'auni mai suna pH, wanda ƙanƙantar lambarsa ke nuna ƙarfin tsami. Iyakar da suka sani ita ce 4.6. Abin shan da ke ƙasa da wannan lamba, ƙwayoyin cuta mafiya haɗari ba sa iya tsira a cikinsa. Zoɓo yana wajen 3 ko ƙasa da haka, tsamiya ma haka, saboda haka abokan gabarsu su ne yis da fumfuna da wasu ƙwayoyin da zafi ke kashewa cikin sauƙi. Idan aka tace zoɓo da kyau, aka ɗora shi a wuta har ya kai kamar digiri 85, aka ɗura shi da zafinsa cikin kwalba mai tsabta wadda ke jure zafi, aka rufe nan take, yana iya yin watanni ba tare da firji ba. Wannan aiki ne da tukunyar ƙarfe marar tsatsa da ma'aunin zafi da ma'aunin tsami da injin rufe kwalba ke iya yi.

Kunun aya da duk abin da ke da madara ba su da wannan tsami. Domin su daɗe a kanta ba tare da sanyi ba, sai an bi da su ta injin da ke kai su wajen digiri 135 zuwa 140 na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗura su cikin kwali inda iska ba ta shiga, kuma wannan na'ura ta fi ƙarfin mai fara sana'a nesa ba kusa ba. In ba haka ba, sai ya riƙe su cikin sanyi tun daga masana'anta har hannun mai sha, abin da ya zama ƙarin tsada tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. A ganinmu, wanda ya fara da kunun aya domin kawai ya fi farin jini a wurin biki ya zaɓi hanya mafi wuya. Zoɓo da citta da tsamiya su ne ƙofar shiga. Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi a Ikko ta daɗe tana aiki a kan hanyoyin adana zoɓo da kunu, kuma tana koyar da masu sana'a, don haka ba sai mutum ya gano komai da asararsa ba.

Wasu sukan ƙara sinadarin hana lalacewa mai suna benzowet, wanda ke aiki sosai a cikin ruwa mai tsami. Doka ta yarda da shi bisa ƙayyadadden adadi, amma akwai hattara, domin idan ya haɗu da bitamin C cikin zafi da hasken rana yana iya haifar da wani sinadari mai cutarwa. A kan wannan batu ne wata babbar kotu a Ikko ta yanke hukunci a 2017 da ya girgiza manyan kamfanonin lemo. Mai ɗibar sinadari da cokali bisa ƙiyasin ido yana wasa da lafiyar jama'a da kuma sunan kamfaninsa.

A yi lissafi mai sauƙi. A ɗauka mutum ya kai kwalba 1,000 kantuna, ribarsa a kan kowace guda kashi 20 cikin 100 na farashin sayarwa. Idan kwalba 200 suka kumbura aka mayar masa, ribar sauran 800 ba ta wuce kuɗin da ya kashe a kan waɗanda suka lalace ba, watau ya yi aikin banza. Manyan kantuna kuma ba su cika biya nan take ba. Sai kaya sun ƙare, wani lokaci sai bayan makonni, alhali mai sayar da kwalba da mai sukari ba su san bashi ba.

Lambar hukuma da abin da za a rubuta

Rajistar kamfani ta yi sauƙi tun bayan dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Babban aikin yana wurin Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 15 ta 1993. Jami'anta sukan ziyarci wurin aiki su duba ruwan da ake amfani da shi, da tsarin ɗakuna daga ajiyar ɗanyen kaya zuwa ɗurawa, da takardun gwajin lafiyar ma'aikata. Sa'an nan a kai samfur ɗakin gwaji, a kuma tantance takardar jikin kwalba, wadda dole ta nuna kayan haɗi da adireshi da lambar rukuni da ranar yi da ranar ƙarewar aiki. Rajistar kayan abinci tana yin shekara biyar kafin a sabunta. Ba tare da wannan lamba ba, babban kanti a Abuja ba zai karɓi kaya ba.

A kan takardar jikin kwalba ne mutanenmu suka fi faɗawa rami, domin mun saba da mai maganin tasha wanda garinsa guda ke warkar da basir da shawara da ciwon baya. Akwai binciken da ya nuna amfanin zoɓo. A wani gwaji da masana na Jami'ar Tufts ta Amurka suka wallafa a 2010, mutum 65 masu ɗan hawan jini aka raba gida biyu, waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida lambar jininsu ta sama ta sauka da kimanin maki 7, na ɗaya rukunin kuwa da kimanin maki 1. Amma fa zoɓon gwajin ba irin namu ba ne da ake cika wa sukari, kuma mutum 65 ba su isa a kafa hukunci a kansu ba. Da zarar mai kamfani ya rubuta cewa abin shansa yana maganin hawan jini ko ciwon sukari, ya fitar da shi daga sahun abinci ya shigar da shi sahun magani, inda sharuɗɗa suka fi tsauri, kuma talla ma sai da izinin hukuma. Ko kamfanin Poppi da muka fara da labarinsa, sai da ya amince ya biya dala miliyan 8.9 a 2025 domin sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a kan iƙirarin gyaran ciki. Abin da mai sana'a zai iya faɗa ba tare da fargaba ba shi ne abin da ke cikin kwalbar: zoɓo da citta na gaske, babu launin kanti, ga adadin sukarin da aka sa.

Batun sukari kuma ya shiga lissafin haraji. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi marar barasa, aka fara karɓa a 2022, watau Naira 5 a kan kwalbar rabin lita. Kuɗin ba shi da yawa, amma masu fafutukar kiwon lafiya sun yi ta kira da a ƙara shi, kuma alƙiblar da duniya ta fuskanta ke nan. Wanda ya saba wa abokan cinikinsa da zoɓo mai sauƙin zaƙi tun farko ba zai sha wahalar sauya haɗi daga baya ba.

Game da jari, akwai Bankin Masana'antu da hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i, akwai kuma NASIDA, hukumar jawo masu zuba jari ta Jihar Nasarawa. Dukkansu sukan nemi ganin rajista da littafin shige da ficen kuɗi kafin su saurari mutum, kuma wanda ya kawo rasiɗan cinikin wata shida ya fi wanda ya kawo kyakkyawan tsari a takarda samun shiga. Kasuwar farko tana nan cikin gari: bukukuwan aure da suna, tarukan ma'aikatun gwamnati, ɗaliban jami'a da na kwalejin aikin gona, buɗe-baki a watan azumi, da hidimar Kirsimeti. A can ne mutum zai gane ko kwalbarsa na jure mako huɗu a kan tebur kafin ya ɗora ta a mota zuwa Mararaba.

Ɗanyen kaya kuma yana da lokacinsa. Zoɓo na shigowa kasuwa ne da kaka, daga wajen Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da farashinsa ke ƙasa, alhali cinikin abin sha ya fi ƙarfi da bazara, lokacin da masu fitarwa waje sun riga sun kwashe mai kyau. Dole ke nan a ware wani kaso na jari a saya a ajiye a busasshen ɗaki, a kan katako, nesa da danshi da ƙwari. Citta ta fi wuyar sha'ani. Cutar da ta afka wa gonakin kudancin Kaduna a daminar 2023 ta lalata amfani mai yawa, farashi ya yi tashin gwauron zabo, kuma masu haɗin da suka dogara da citta kaɗai suka rasa yadda za su yi da farashin da suka riga suka buga wa kantuna.